Ranar da Ake Gasa Goge

Asabar ta biyu ga watan Agusta,
hadari ya zauna kan duwatsun Jos kamar mai bin bashi.
Na ɗauko gogen Baba Nomau daga bayan ƙofa,
naɗe cikin tsohon buhun acca.
Shi yana gaba, yana jan ƙafa,
ba ya son a riƙe masa hannu a bainar jama'a.

Filin bikin yana bayan kududdufin kuza,
inda suka haƙi ƙasa suna samari
har ta gaji, ta cika bakinta da ruwa.
An kafa rumfa uku, ɗaya tana yoyo.
Masu garaya daga Bukuru sun riga mu,
ga mai gurmi ɗaya, ga 'yan kukuma biyu da ba sa ga maciji,
kowa na ɗaure tsirkiya yana zagin damina.

Damina ba ta ƙaunar fata.
Fatar guzan da ke bakin ƙoƙon ta saki jiki,
ka ja izga, ka ji kukan akuya mai mura.
Shi ya sa ake layi gaban Ngo Cundung mai gasa masara:
tsofaffi bakwai a tsugune,
kowa ya miƙa abin kiɗansa ga garwashi
kamar mai ɗumama jariri.
Ita kuwa tana fifita tana cewa,
"Wanda ya sha wutata, ya sayi masarata."

A nan Da Dalyop ya same mu da molonsa.
Da can katanga ɗaya ta raba gidajensu,
kafin shekarar da gari ya tsage kamar ƙwarya,
kowa ya naɗe tabarmarsa ya bi nasa.
Yanzu mota biyu ce tsakaninsu, da shinge, da dogon shiru.
Ba su rungumi juna ba.
Dalyop ya ce, "Har yau kana gaggawa a juyi na uku?"
Baba ya ce, "Kai ne dai kake gyangyaɗi."
Gaisuwar shekara ke nan.

La'asar sakaliya aka kira su.
Baba ya goga ƙaro a izga, ya ja sau ɗaya,
sai janareto ya yi tari ya mutu.
Mai sanarwa ya daki lasifika, yara suka yi ihu,
ruwa ya sauko kan tamfol da ƙafa dubu.
Ba su ɗaga kai ba.
Mu ne muka matso, kafaɗa da kafaɗa,
muka rage numfashi don zaren sautin ya sami hanya.

Sai Iya Tabawa ta miƙa wa jikarta sanda,
ta ɗaure gyale a ƙugu, ta shiga caɓi.
Rawarta ba tsalle, ba juyi:
diddige, yatsa, ɗan jinkiri,
kafaɗa tana faɗin abin da baki ya daina faɗi.
Samarin da suka zo ɗaukar hoto
suka cusa wayoyinsu a leda suka bi bayanta,
biyu suka zame, ta tsallake su ba ta ɓata taku ba.

A juyi na uku Baba ya yi gaggawa.
Dalyop ya yi gyangyaɗi.
Tsakanin saurin wannan da nawar wancan
akwai wani ɗan rami da kiɗan ke faɗawa ya fito da daɗi,
shekara hamsin ba wanda ya cike shi.

Magariba muka bi ta gaban garwashin, ya kusa mutuwa.
Bara su tara ne suka tsuguna a nan.
Ngo Cundung ta fi kowa sanin lissafin,
amma masara tara ta ware.
Ta tura mini biyun da suka rage a ganye,
ta ce, "Ci, kada su huce."
Baba ya juya baya yana gyara bakin buhu,
ya daɗe yana gyarawa.